Saudiyya, Dubai, Katar ko Kuwaiti: Ina Ya Fi Wa Mace Mai Neman Aiki?

Duk macen da ta fara tunanin fita aiki ƙasar Larabawa, abin da take fara tambaya shi ne wace ƙasa ta fi biya. Akwai tambayar da ta riga wannan. Mata uku za su iya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano cikin jirgi guda su sauka Jidda tare: ɗaya ma'aikaciyar jinya ce da asibiti ya ɗauka, ɗaya an kawo ta aikatau gidan wani Balarabe, ta ukun kuma bizar Umara ce a hannunta amma a ranta babu niyyar dawowa. Daga ranar da suka sauka, dokar da ke kan kowacce daban ce, ofishin da za ta kai kuka daban, hatta yadda za ta bar ƙasar idan ta gaji daban ne. Don haka, 'yar'uwa, irin bizar da za a buga miki ta fi sunan ƙasar tasiri a kan zaman da za ki yi a can.

Kafili da iƙama

A ƙasashen yankin Tekun Fasha zaman baƙo a ɗaure yake da wanda ya ɗauko shi, wato kafili. Shi ke neman biza da sunanki, shi ke yi miki katin zama, shi ke sabunta shi. A Saudiyya katin nan shi ne iƙama, kuma kwana 90 kafili yake da su bayan saukarki ya fitar da ita. Idan babu iƙama ba ki buɗe asusun banki, ba ki aika kuɗi ta halastacciyar hanya, zuwa asibiti ma ya zama abin fargaba.

Dillalai sun iya cewa "ai an soke kafala". Rabin gaskiya ce. A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta wa ma'aikatan kamfanoni: suna iya sauya wurin aiki bayan shekara guda ba sai da yardar mai kamfani ba, suna kuma iya neman izinin fita da kansu ta manhajar Absher. Amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba, da direbobin gida, da masu lambu da makiyaya. Waɗannan tsarinsu daban yake, ta dandalin Musaned ake ɗaukarsu. A Kuwaiti har lamba aka sa wa bambancin: biza 18 ta ma'aikatan kamfani ce, biza 20 ta aikin gida. Wannan biza 20 ɗin ce gwamnatin Gana ta dakatar da fitar 'yan ƙasarta da ita a 2017 saboda yawan koke-koke.

Ga abu guda da za ki iya dubawa tun kina gida. A jikin bizar Saudiyya akwai gurbin sana'a, da Larabci "almihna". Idan abin da aka rubuta a wurin shi ne "amila manziliyya", to aikin gida ne, ko da dillali ya rantse cewa shago ne ko otal ko gidan gyaran gashi. Ki kai wa malamin Islamiyyar unguwarku ya karanta miki kalma biyun nan kafin ki biya ko sisi.

Idan aikin gida ne

A takarda, Katar ce kan gaba. Dokarta ta 2017 ta ƙayyade aikin gida awa 10 a yini, hutun kwana ɗaya a mako, hutun mako uku a shekara da albashi, da kuɗin sallama na mako uku kan kowace shekarar da aka yi. Tun watan Maris na 2021 kuma akwai mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 wanda ya hau kan kowa, har 'yan aikin gida, ba tare da duba ƙasar da mutum ya fito ba. Idan mai gida bai ba da wurin kwana da abinci ba sai ya ƙara 500 da 300. Daga 2020 'yar aiki ba ta buƙatar izinin fita, sanarwar awa 72 kawai za ta ba mai gida, kuma tana iya sauya wurin aiki da sanarwar wata ɗaya, ko wata biyu idan ta haura shekara biyu a gidan. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma tana da ofishi a Doha tun 2018. Matsalar Katar ita ce ƙaramar ƙasa ce, guraben ba su da yawa, yawancin masu aikin gidanta daga Asiya da gabashin Afirka ake kawo su. Duk wanda ya zo miki da "bizar Katar" a arha cikin mako biyu, ki yi masa kallon tsaf.

Saudiyya ta sabunta ƙa'idarta, ta fara aiki a watan Oktoba na 2024: awa 10 a yini, kada a wuce awa biyar a jere ba hutun rabin awa, hutun awa 24 a mako, hutun jinya har kwana 30 (rabin farko cikakken albashi, rabin ƙarshe rabi), kuma ba a ɗaukar wadda ba ta kai shekara 21 ba. Inda ta gaza Katar a fili yake. Hutun wata guda sai bayan shekara biyu, kuɗin sallama albashin wata ɗaya ne tak, shi ma sai an cika shekara huɗu. Wadda ta yi kwantiragin shekara biyu ta dawo ba ta da ko riyal na sallama, alhali takwararta a Doha za ta tashi da albashin mako shida. Sannan babu mafi ƙarancin albashi ga baƙi. Ƙasar da ta tsaya wa 'ya'yanta ita ke samar musu farashi. Shi ya sa 'yar Filifin ta daɗe tana karɓar aƙalla dala 400 a wata bisa sharaɗin gwamnatinta, 'yar Afirka kuma ta yi aiki iri ɗaya a gida ɗaya a ba ta ƙasa da haka. Abin da Saudiyya ta gyara da kyau shi ne biyan albashi: an wajabta biya ta banki ko ta asusun waya, ta yadda idan rigima ta tashi akwai shaidar watan da aka biya da wanda ba a biya ba.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda muke kira Dubai gaba ɗayanta ko da a Sharja ko Ajman mutum yake, tana aiki da dokar 2022: hutun awa 12 a yini wanda takwas daga ciki a jere suke, kwana ɗaya a mako, hutun kwana 30 a shekara, da tikitin zuwa gida duk shekara biyu. Ofisoshin ɗaukar 'yan aiki masu lasisi, waɗanda aka fi sani da Tadbir, iri biyu suke bayarwa: ko iyali su zama kafilinki ki tare a gidansu, ko ofishin ya riƙe bizarki yana tura ki gidaje na wata-wata ko na awa-awa. Na biyun ya fi gajiyarwa ta fuskar zirga-zirga, amma idan gida bai yi ba ana iya sauya miki wani ba tare da an taɓa bizarki ba. Ma'aikatar ƙwadagonsu kuma tana yanke hukunci da kanta kan ƙorafin da bai wuce dirhami 50,000 ba, ba sai an je kotu ba. Sai dai ga 'yar Najeriya ƙofar kanta ce matsala: daga ƙarshen 2022 zuwa watan Yulin 2024 Daular ta rufe wa 'yan Najeriya biza, da aka buɗe ma da sharuɗɗa masu tsauri aka buɗe.

Kuwaiti ta riga sauran kafa doka, tun 2015, kuma sallamarta ta fi ta kowa: albashin wata guda kan kowace shekara, ga hutun kwana 30. Amma awa 12 ta yarda a yi, sauya gida kuma sai da yardar kafili. Mafi ƙarancin albashi ya fara daga dinari 60 a 2016, daga baya ya koma 75. Gwamnati tana da gidan fakewa na matan da suka gudo daga gidajen aiki a unguwar Jalib Shuyukh. A Kuwaitin ne kuma binciken sashen Larabci na BBC a 2019 ya gano ana tallar 'yan aiki a manhajojin waya kamar kayan gwanjo, har da wata yarinya 'yar shekara 16 daga Gini.

Kada sunan kuɗi ya ruɗe ki. Riyal na Saudiyya 3.75 ne dala ɗaya, na Katar 3.64, dirhami 3.67. Ke nan 1,000 a kowacce daga cikin ukun tsakanin dala 267 ne zuwa 275. Dinarin Kuwaiti ya haura dala uku, don haka dinari 75 kusan dala 245 ne. Bambancin albashin aikin gida tsakanin ƙasashen nan bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Inda bambancin yake shi ne me zai faru ranar da aka daina biya, ko ranar da kika ce kin gaji.

Duk waɗannan awoyi da aka lissafa, babu jami'in da ke shiga falon mutane ya duba ko ana bin su. Ki ɗauki azumi a babban gida a Riyad. Girkin buɗa-baki yana farawa tun bayan azahar: naɗin sambusa, shurba, luƙaimat, tulin shinkafa. Bayan magariba wanke-wanke, bayan tarawihi baƙi su cika majalisi, gahawa da shayi ba sa yankewa, ana turara gida da bakhur, yara na ta guje-guje har ƙarfe biyu. Sai sahur. Mutanen gida su kwanta bayan asuba su tashi da rana tsaka, ita kuwa ƙarfe takwas ana son a ga bene uku a share a goge, ita ma kuma azumin take yi. A daidai watan nan ma'aikaciyar kamfani Musulma awa shida doka ta ce ta yi. Saboda haka tambayoyin da za ki yi wa dillali su ne: mutum nawa ne a gidan, bene nawa, akwai tsoho ko mara lafiya da za a riƙa ɗagawa, akwai wata 'yar aikin, akwai ɗaki nawa ni kaɗai mai makulli, za a bar ni da wayata? Wanda ya kasa amsa ko ɗaya bai san gidan da zai kai ki ba.

Akwai hanya ta tsakiya da ba a cika ambata ba: kamfanonin shara da goge-goge masu kwangila da asibitoci, makarantu da manyan kantuna. Albashin bai fi na gida da yawa ba, wani lokacin abinci ma a kanki yake, kwana kuma ɗaki ɗaya da mata huɗu ko shida. Amma kina ƙarƙashin dokar ƙwadago ta gama-gari, awa takwas a yini, abin da ya ƙaru a biya ki, idan an tashi ki koma masauki cikin 'yan'uwa mata, wayarki a hannunki. Ga macen da ba ta da takardar makaranta, in har zaɓin ya samu, wannan ya fi zama a gidan mutum ɗaya inda ba mai ganin abin da ke faruwa.

Hurub

Kalmar da kowace mai tafiya ya kamata ta sani ke nan. Idan kika bar gida ba izini, kafili zai kai rahoto cewa kin gudu, daga nan zamanki ya zama haramtacce ko da shi ne ya hana ki albashin wata biyar. Sau da yawa har da ƙarin ƙarar sata, don a hana ki fita ƙasar. Dalilin zafin nan kuɗi ne: mai gida ya biya maktab, wato ofishin da ya kawo ki, dubban riyal, sai ya riƙa ganin kamar sayenki ya yi. Shi ya sa yake riƙe fasfo, ko da yake doka ta hana a duk ƙasashen huɗu. A Katar tarar hakan tana kaiwa riyal 25,000.

A Saudiyya, tun 2024, wadda aka yi wa rahoton barin aiki tana da kwana 60. Idan ba ta cika shekara biyu da shigowa ba, fita kawai za ta yi. Idan ta haura, tana iya komawa hannun wani kafili. Akwai kuma halin da ake mayar da 'yar aiki wani gida ba da yardar kafili ba, kamar rashin biyan albashin wata uku, ko rashin yi mata iƙama, ko tura ta aiki gidan wasu, ko duka. Abin lura shi ne ki riga shi kai ƙara. Lambar ma'aikatar ƙwadagon Saudiyya 19911 ce. Wadda ta kira tana cikin gida, ko ta fita ta nufi ofishin 'yan sanda ko na jakadanci kai tsaye, matsayinta daban da wadda ta bi wata ƙawa zuwa wani ɗaki a bayan gari. Ta biyun ta gudu wa gara ne ta faɗa gidan zago, don masu karɓar 'yan hurub su ma dillalai ne, rabin abin da ta samu nasu ne, kuma sun san ba ta da bakin kai ƙara.

Zaman takari

Ba za a yi maganar Saudiyya da Bahaushiya a tsallake wannan ba. Hausawa sun daɗe a Hijaz, tun zamanin da ake zuwa Hajji a ƙafa ta Sudan, har akwai 'yan ƙasa masu laƙabin Hausawi. A Shara Mansur da ke Makka za ki ji Hausa kamar kina Fagge, ki sayi waina da tsire da fura. Wannan ne ke jan mata su shiga da bizar Umara su zauna ba takarda, wato zaman takari: ga 'yan'uwa, ga Harami kusa, ga aikin awa-awa da kitso da lalle da sayar da abinci, wanda a wata mai kyau yakan fi albashin mai kwantiragi.

Lissafin ya canza. Ana ɗaukar hoton yatsu tun a shiga, don haka sauya fasfo ko suna ba ya ɓoye kowa. Rusau da aka yi a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 ya share unguwanni irin su Karantina da Gulail da Sabil, inda marasa takarda ke samun ɗaki mai arha. Wadda jawazat, wato jami'an shige da fice, suka kama, Shumaisi za a kai ta, gidan tarhil (inda ake tsare waɗanda za a kora) da ke tsakanin Makka da Jidda, ta yi makonni ko watanni, ta dawo da kayan jikinta, kuɗin da take bi da kayan da ta tara duk su zauna a can, sannan a hana ta shiga ƙasar na shekaru. A Hajjin 2025 tarar wanda aka kama ba tasrihi, wato izinin Hajji, ta kai riyal 20,000, ga korar shekara 10. Mafi ciwo shi ne 'ya'yan da aka haifa a wannan hali: ba takardar haihuwa, ba makarantar gwamnati, ga shi ba su san Najeriya ko Nijar ba ranar da za a sauke su a can.

A Dubai irin wannan shi ne zuwa da bizar ziyara "a nemi aiki a can". Aiki da bizar ziyara laifi ne, tarar mai ɗaukar irin wannan ma'aikaci tana farawa daga dirhami 100,000, don haka kamfanin kirki ba zai taɓa ki ba. Idan biza ta ƙare, dirhami 50 ne kowace rana. Wata shida ya zama 9,000, ga kuɗin gadon haya a unguwar Deira. Akan yi afuwa jefi-jefi, kamar ta Saudiyya a 2017 da ta Daular a ƙarshen 2024, amma ba a gina rayuwa kan jiran afuwa.

Masu takardar ilimi

Ga nas, ungozoma, likita, mai harhaɗa magani ko malamar jami'a, hoton ya juya, kuma a nan Saudiyya ce ta fi tara wa mutum kuɗi. Asibitoci da yawa suna ba da masauki da motar zuwa aiki da tikitin hutu, babu harajin albashi, wuraren kashe kuɗi kuma ba su kai na Dubai ba, musamman a garuruwa irin su Abha, Tabuk ko Ha'il. Jami'o'i suna da ɓangaren mata, a Riyad ma akwai Jami'ar Gimbiya Nura ta mata zalla. Ga Umara a ƙarshen mako. Tun 2018 mata ke tuƙi.

Hanyar shiga kusan iri ɗaya ce a ko'ina. Za a tantance takardunki ta kamfanin DataFlow, wanda ke tuntuɓar makarantarki da hukumar da ta ba ki lasisi da asibitin da kika yi aiki kai tsaye. A nan yawancin jinkiri yake, don idan ofishin rajistara na makarantarku bai amsa saƙo ba, fayil ɗinki zai zauna. Ki je da ƙafarki ki bi sawu. Takardar ƙwarewar aiki ta bogi kuwa, ko wata uku aka ƙara, tana iya rufe miki ƙofar yankin gaba ɗaya. Bayan nan sai jarrabawar lasisi ta kwamfuta: a Saudiyya ƙarƙashin SCFHS, hukumar ba ma'aikatan lafiya lasisi, a Dubai hukumar lafiya ta DHA, a Abu Dabi ta DOH, sauran masarautun kuma ma'aikatar lafiya ta tarayya. Yawancin asibitoci suna son a ce kin yi shekara biyu kina aiki. Saudiyya tana bambanta mai digirin jinya da mai difloma a matsayi da albashi, don haka wadda ta kusa kammala digiri gara ta ƙarasa kafin ta tafi. Takardun makaranta kuma sai an buga musu hatimi a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ki.

Dubai ta fi sakewa da yawan makarantu masu koyarwa da Ingilishi da asibitoci masu zaman kansu, sauya aiki ma ya fi sauƙi, amma haya da kuɗin makarantar yara suna cinye albashi, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa launin fasfo yana shafar abin da za a yi miki tayi. Katar tana biya da kyau a asibitocin gwamnati na Hamad, guraben ne ke da wuyar samu. Kuwaiti kuwa tun watan Yulin 2025 ta wajabta wa ma'aikatan kamfanoni neman izinin mai aiki kafin su fita ƙasar, abin da sauran suke ta sassautawa.

Mai aure ta yi wannan lissafin tun da wuri. A Saudiyya ma'aikacin kamfani mai zaman kansa yana biyan riyal 400 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. Mutum huɗu ya zama 19,200 a shekara, ba a zo kan kuɗin makaranta ba. Hutun haihuwa mako 12 ne a Saudiyya tun 2025, kwana 70 a Kuwaiti, 60 a Daular, 50 a Katar. Mai aikin gida kuwa ba ta da damar kawo kowa, shekara biyun nan ita kaɗai za ta yi su. Ga 'yar'uwa Kirista, akwai coci a Daular da Katar da Kuwaiti, babu a Saudiyya.

Inda bai kamata a je aikin gida ba

Oman ƙasa ce mai kwanciyar hankali, amma ta yi shekaru masu aikin gida ba su da wata kariya sai gajeriyar ƙa'ida ta 2004, kuma an sha kai mata Daular da bizar ziyara sannan a tsallaka da su ta iyakar Buraimi a miƙa wa gidaje. Najeriya ta daɗe ba ta da ofishin jakadanci a Maskat, ke nan ranar gudu babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Labanon dokar ƙwadagonta ta cire masu aikin gida, kuɗinta ya karye tun 2019, a can ne aka sa wata 'yar Najeriya a kasuwa a Facebook kan dala 1,000 a 2020, a yaƙin 2024 kuma iyalai da dama suka tsere suka bar 'yan aikinsu a titi. Iraƙi da Libiya hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane a Najeriya ta sha gargaɗi a kansu. Hanyar sahara kuwa mutanen Kance a jihar Damagaram sun san ta: a watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit kan hanyar Aljeriya, kusan dukansu mata da yara.

Dillali, gwaji da jaka

A dokokin ƙasashen huɗu, kuɗin ɗauko ma'aikaciya a kan mai ɗauka yake. Dillalin da ya ce ki sayar da fili, ko ya ce albashin wata uku na farko nasa ne, sau biyu yake ci. A Najeriya ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ce ke ba kamfanonin ɗaukar ma'aikata lasisi, ki nemi ganinsa ki kuma tabbatar a ofishin ma'aikatar da ke jiharku. A Nijar a tambayi hukumar samar da aiki ta ANPE. Idan aka ce za a bi da ke ta Kwatano ko Lome ko Akara don "jirgi ya fi arha", ko aka koya miki abin da za ki faɗa wa jami'an shige da fice, to kaucewa bincike ake yi. Lambar NAPTIP 627 ce.

Gwajin lafiya ya ƙunshi ƙanjamau, ciwon hanta, tarin fuka da ciki, kuma za a maimaita shi bayan kin sauka. Sayen sakamako a gida asarar kuɗi ne, don na can shi ne mai yanke hukunci, wadda ta faɗi kuma jirgi na gaba za a sa ta. Kwantiragi ki karɓi kwafinsa, ki tabbatar adadin albashin da ke ɓangaren Larabci shi ne wanda aka faɗa miki, don idan an je gaban hukuma na Larabcin ake bi. Ki ɗauki hoton fasfo da biza da kwantiragi ki tura wa mutum biyu a gida, ki haddace lambar waya ɗaya a ka, ki kuma rubuta ta ofishin jakadanci a takarda: Najeriya tana da su a Riyad, Jidda, Abu Dabi, Dubai, Doha da Kuwaiti.

Jaka kuwa ke za ki haɗa ta da hannunki. Tramadol da maganin tari mai kodin suna kai mutum kurkuku, safarar ƙwaya a Saudiyya hukuncinta kisa ne. Ba a manta da ɗalibar nan ta Kano da aka tsare a Madina a ƙarshen 2018 saboda jakar da wasu suka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba. Sai bayan wata huɗu aka sake ta. Ki ƙirga takardun awon kayanki kafin ki bar kanta, kada ki karɓi saƙon kowa. Goro ma an hana. Sai abin da iyaye kan cusa wa 'ya cikin ƙauna: laya, guru, rubutun sha, ƙullin garin magani na farin jini. Uwar gida Balarabiya idan ta ga ƙullin fata ɗinke a ƙarƙashin matashinki, sihiri za ta kira shi, kuma a Saudiyya sihiri laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. A bar su a gida.

Larabcin Islamiyya zai taimaka, amma na gida daban ne. Za ki ji "ta'ali", "yalla", "jibi", "khalas", za ki kira masu gida Mama da Baba, su kuma a bayan idonki shaggala, wato 'yar aiki, za su ce. Albashi shi ne ratib, kuma kalma ce da za ki koyi faɗinta ba kunya ranar ɗaya ga wata. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar cewa kin karɓi kuɗin da ba ki karɓa ba, ko da an ce ajiye miki ake yi.

Kafin ki tashi ki buɗe asusun banki da sunanki, katin da lambar sirrin su zauna a wurinki. Abin da za ki riƙa aika wa gida ki yanke shi tun farko, ki faɗa wa kowa adadin, ragowar ya tafi asusun da ba mai taɓawa. Mata da yawa sun yi shekara huɗu suna turo kuɗin gini, suka dawo suka tarar da fili ko tubali ɗaya babu. Idan gini za a yi, a turo miki hoton takardar filin da sunanki a jiki kafin ki aika kuɗin siminti.